Me ya sa jiki ke faɗa da robar asibiti? Bayani kan furotin mai mannewa da sabbin sinadaran da ke hana shi

Idan ka taɓa jinyar wanda aka sa wa robar fitsari, ko wanda ake yi wa wankin ƙoda, ko wanda aka sa wa ɗan ƙarfe a jijiyar zuciya, ba mamaki ka taɓa yin ɗaya daga cikin tambayoyin nan. Me ya sa za a ce a canza robar bayan 'yan makonni alhali ba ta fashe ba? Me ya sa ake zuba maganin tsinka jini duk lokacin da za a ɗora mutum a kan injin wankin ƙoda? Me ya sa wanda aka sa wa ƙarfe a zuciya zai yi watanni yana shan ƙwayoyi kala biyu na hana jini daskarewa, a kuma ja masa kunne kada ya kuskura ya daina da kansa?

Tushen amsar duka ɗaya ne. Duk wani abu da ba na jiki ba, roba ne ko ƙarfe ko gilashi, da zarar ya taɓa jini ko fitsari ko hawaye, furotin da ke cikin ruwan zai lulluɓe shi. Daga wannan lulluɓi ne daskarewar jini da kumburi da kamuwa da ƙwayoyin cuta ke farawa. Shekaru sama da hamsin ke nan masana ke neman abin da za a shafa wa kayan asibiti don furotin ya kasa kama su, kuma a 'yan shekarun nan hankalinsu ya karkata ga amino asid, wato tubalan da shi kansa jikin ɗan adam ke gina furotin da su.

Abin da ke faruwa a daƙiƙun farko

Ka goge haƙoranka tas da safe, ka shafa harshe ka ji santsi. Kafin azahar ka sake shafawa, za ka ji wani abu ya fara kwanciya. Cikin mintuna kaɗan bayan gogewa furotin ɗin miyau ke shimfiɗa wata siririyar fata a kan haƙori, ƙwayoyin cuta kuma su zo su kama wannan fatar su yi gida. Abin da ke faruwa da roba a cikin jini ke nan, sai dai can ya fi sauri, domin ruwan jini cike yake da furotin. Kowace lita ɗaya tana ɗauke da giram 60 zuwa 80.

Wani masanin jini ɗan asalin ƙasar Holan mai suna Leo Vroman, wanda ya yi aikinsa a Amurka, shi ya nuna a shekarun 1960 cewa furotin ɗin ba lokaci ɗaya suke zuwa ba, bi da bi suke yi. Waɗanda suka fi yawa a jini, irin su albumin, su ke fara sauka. Sai manya masu ƙarfin riƙo su zo su ture su. Cikin waɗannan akwai fibirinojin, wanda shi ne zaren da jini ke saƙa gudansa da shi idan mutum ya yanke.

Matsalar ba a mannewar kaɗai take ba. Furotin a cikin jini a naɗe yake, kamar ƙullin zare. Idan ya manne a jikin roba sai ya warware, sassan da ke ɓoye a cikinsa su fito fili. Ka tuna yadda farin ƙwai ke sauya kama ya kama kasko, ba ya komawa yadda yake. Ƙwayoyin daskarar da jini idan suka ga fibirinojin a warware sai su ɗauka rauni ne, su taru su fara toshewa. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, su ma su iso su yi ƙoƙarin cinye baƙon. Idan ya fi ƙarfinsu, cikin makonni biyu zuwa huɗu jiki zai kewaye shi da wata fata mai tauri irin ta tabo, ya killace shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa na'urar auna sukari da masu ciwon suga ke liƙawa a damtse ba ta wuce kwana 10 zuwa 15 sai a canza ta.

Ke nan garkuwar jiki ba robar take gani kai tsaye ba. Rigar furotin da ke jikin robar take karantawa. Wannan fahimta ce ta buɗe ƙofar binciken gaba ɗaya: in furotin bai manne ba, jiki ba shi da abin karantawa.

A robar fitsari abin ya fi shafar ƙwayoyin cuta. Suna kama shimfiɗar furotin, su hayayyafa, su fitar da wata majina su rufe kansu da ita. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da zai gama da su cikin sauƙi idan suna yawo a fitsari, da wuya ya ratsa wannan majina. Kowace rana da roba ta ƙara a jiki, yiwuwar samun ƙwayoyin cuta a fitsari na ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, kuma idan ta kai wata guda kusan kowa yana da su. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Proteus wadda ke sauya sinadarin fitsari har tsakuwa ta riƙa taruwa a cikin robar ta toshe ta. Iyalan dattawan da ke zaune da roba saboda kumburin furostet sun san wannan tashin hankalin na tsakar dare, mara ta cika, jaka kuma ba ko ɗigo.

Ganyen gwaza ko jikin tarwaɗa?

Idan aka ce a samo abin da datti ba ya kama shi, yawancinmu za mu tuna ganyen gwaza, wanda ruwa ke gangarewa a kansa ba tare da ya jiƙa shi ba. A cikin jini kuwa lissafin ya juye. Abin da ke korar ruwa shi furotin ya fi so, domin cikin ƙullin furotin ma ƙin ruwa yake yi, sai su biyun su rungumi juna. Abin da ke aiki shi ne wanda ya riƙe ruwa gam a jikinsa, kamar tarwaɗa da ke suɓuce wa hannu, ko yauƙin kuɓewa. Furotin idan ya zo sai ya tarar da katangar ruwa. Kafin ya taɓa robar sai ya kawar da ruwan, kuma ba shi da ƙarfin yin haka, sai ya wuce abinsa.

Abubuwan da ake yin wannan shafi da su ana kiran su folima. Kalmar ba ta da wuya: ka ɗauki carbi. Ƙwaya ɗaya ƙaramin sinadari ce, idan aka jera ɗaruruwa ko dubbai a zare ɗaya an samu folima. Leda folima ce, auduga folima ce, furotin ɗin jikinka ma folima ne, ƙwayoyin carbinsa su ne amino asid guda 20.

Zamanin PEG da inda ya gaza

Folimar da ta daɗe tana cin kasuwar wannan fanni ita ce wadda ake taƙaita sunanta da PEG. A shekarar 1977 Frank Davis da ɗalibinsa Abraham Abuchowski na Jami'ar Rutgers a Amurka suka nuna cewa idan aka rataya wa furotin zaruruwan PEG, garkuwar jiki ba ta saurin gane shi, kuma yana daɗewa a jini. Maganin farko da aka yi ta wannan hanya ya samu amincewar hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, a 1990.

Mai yiwuwa kai ko wani naka ya taɓa amfana da shi ba ku sani ba. Duba kwalin magani, idan sunan ya fara da "peg", to shi ne. Peginterferon na ciwon hanta allura ɗaya ce a mako, maimakon uku da ake yi da tsohon nau'in. Pegfilgrastim, mai farfaɗo da fararen ƙwayoyin jini bayan ƙarin ruwan maganin daji, allura ɗaya ce a kowane zagaye maimakon kullum. Pegaspargase ana ba yara masu kansar jini. Doxil, wanda aka amince da shi a 1995, maganin daji ne da aka ɗura a cikin 'yan ƙananan ƙwallayen kitse aka lulluɓe da PEG, abin da ya rage illar da maganin ke yi wa zuciya. Rigakafin korona na Pfizer da Moderna su ma akwai PEG a jikin ƙwallayen kitsensu. Ga majinyacin da ke tahowa asibiti daga ƙauye mai nisa, bambancin allura uku da allura ɗaya a mako ba ƙaramin abu ba ne.

To mene ne aibinsa? Abu biyu ne. Na farko, jiki ba shi da sinadarin da zai narkar da PEG. Ƙananan zaruruwa suna fita ta fitsari, amma manya kan daɗe, kuma a gwajin dabbobi an ga suna taruwa a cikin wasu ƙwayoyin halitta. Na biyu, wanda ya fi damun likitoci, garkuwar jikin wasu mutane ta koyi gane shi. PEG yana cikin man goge baki da man shafawa da wasu magungunan bayan gida, saboda haka mutane da yawa sun haɗu da shi tun kafin a yi musu wata allura. Wani bincike da aka yi a Jami'ar North Carolina a 2016 ya samu alamun makaman garkuwa masu kama PEG a jinin kusan mutum 7 cikin kowane 10 da aka gwada, kodayake a yawancinsu kaɗan ne ƙwarai. Ga wanda yake da su da yawa, magani kan fita daga jini da wuri ya kasa aiki. An ga haka sosai a pegloticase, maganin ciwon gaɓoɓi mai tsanani da gishirin yurik ke haddasawa. Wani lokaci kuma jiki kan yi mummunan bore.

A nan ya kamata mu tsaya mu auna magana, kada wani ya karanta ya gudu daga maganinsa. Mummunan bore bayan rigakafin korona da muka ambata bai wuce kimanin mutum 5 cikin allura miliyan ɗaya ba, kuma yana da magani nan take, shi ya sa ake cewa a zauna minti 15 bayan allura. Miliyoyin mutane suna amfani da magungunan PEG lafiya. Neman magajinsa da ake yi na ƙara inganci ne.

Me ya sa amino asid?

Tunanin mai sauƙi ne. Jinin mutum cike yake da dubban nau'o'in furotin da ke gogayya da juna dare da rana, amma ba sa cakuɗewa su dunƙule. Ƙwayoyin jini ma suna ninƙaya a cikinsu furotin bai rufe su ba. Ashe jiki ya riga ya warware matsalar. Sai a koya daga gare shi.

Hanya ta farko ta fito ne daga siffar amino asid kansa. Kowane ɗaya yana da kai biyu, ɗaya mai cajin lantarki na tarawa, ɗaya na ɗebewa, kamar batirin tocila. Cajin biyu suna kashe juna, saboda haka ba ya jawo furotin, amma kowane kai yana riƙe ruwa da ƙarfin da ya fi na PEG. Fatar jajayen ƙwayoyin jininka ma da irin wannan dabara take kare kanta, da wani sinadari mai kai biyu da ake kira fosforilkolin. Masana a Japan sun kwaikwayi wannan tun ƙarshen shekarun 1970, kuma yau yana cikin wasu gilasan ido da ake liƙawa a ƙwayar ido, irin su Proclear, har an shafa shi a wasu ƙarafan jijiyar zuciya. A Amurka, Shaoyi Jiang da abokan aikinsa a Jami'ar Washington sun yi folima mai kama da betayin, ɗan uwan amino asid ɗin gilaisin. A 2013 suka ba da rahoton cewa sun dasa ta a ƙarƙashin fatar ɓeraye ta yi wata uku jiki bai kewaye ta da tabo ba. Su ne kuma suka lura cewa amino asid biyu, gulutamik da laisin, ɗaya mai cajin ɗebewa ɗaya mai na tarawa, su suka fi yawa a bayan furotin ɗin jiki, sai suka jera su bi da bi suka samu shafi mai hana mannewa. Wasu masana a Jami'ar Akron ta jihar Ohayo sun rataya serin da laisin da onitin a jikin zaren folima, kawunan biyu suna reto a waje, suka nuna cewa furotin ɗin jini da ƙwayoyin cuta ba sa kama shi sai kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce folisakosin, carbin da aka jera da sakosin zalla. Sakosin gilaisin ne da aka ɗan sauya, kuma akwai shi a naman jikinmu. Halinsa a ruwa ya yi kusa da na PEG, har ana gwada shi a matsayin madadin PEG a ƙwallayen kitse irin na rigakafi.

Hanya ta uku ce ta riga ta isa hannun majinyata, saboda haka ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Maimakon a haɗa folimar a tukunyar sinadarai, sai a sa ƙwayar halitta ta ƙera maganin tare da wata doguwar jela ta amino asid wadda ba ta naɗewa, tana lilo tana riƙe ruwa. A Munik ta Jamus, Arne Skerra ya yi irin wannan jela da amino asid uku, furolin da alanin da serin. Wani kamfani a Amurka ya yi tasa da guda shida ya kira ta XTEN. Tunda amino asid ne zalla, idan ta gama aiki jiki na narkar da ita kamar kowane furotin.

Ga misalin amfaninta. Cutar himofiliya nau'in A, wato rashin daskarewar jini da ake gado, tana samun kimanin yaro namiji 1 cikin 5,000, kuma sau da yawa a wurin kaciya ake fara gane ta, idan jini ya ƙi tsayawa. Abin da yaron ya rasa furotin ne da ake kira fakta 8. Wanda aka saba bayarwa rabinsa kan ƙare a jini cikin kimanin awa 12, saboda haka mai yin rigakafin zubar jini da shi sai an nemi jijiyarsa sau biyu ko uku a mako, ko kowane kwana biyu. A Fabrairun 2023 FDA ta amince da Altuviiio, fakta 8 da aka haɗa wa jelar XTEN guda biyu da wasu dabaru biyu na daban. Yana daɗewa ninki uku zuwa huɗu, allura ɗaya a mako ta isa. Duk uwar da ta taɓa riƙe yaro ana laluben jijiya a hannunsa ta san darajar wannan. Sai dai tsadarsa ta sa har yanzu ya yi wa mafi yawan iyalai a Afirka nisa, inda ko tsohon nau'in ma sau da yawa da gudummawa ake samunsa.

Shi kuma nanojel fa?

Idan farfesun ƙafar sa ya kwana a wuri mai sanyi, da safe za ka tarar da romon ya daskare yana rawa. Wannan shi ne jel: raga ce ta zaruruwan furotin da ta riƙe ruwa mai yawa. Nanojel irin wannan ragar ce, amma an yi ta ƙanana ƙwarai. Milimita ɗaya, wato ƙaramin layi ɗaya a jikin rula, nanomita miliyan ɗaya ce. Nanojel yakan kai nanomita 20 zuwa 200. Idan ka jera masu nanomita 100 guda 10,000 ne za su cika wannan layi ɗaya. Jar ƙwayar jini guda ta ninka shi faɗi sau saba'in da wani abu.

Girman ba da ka aka zaɓe shi ba. Abin da bai kai nanomita 5 ko 6 ba, ƙoda na tace shi ya fita a fitsari nan da nan. Wanda ya yi girma da yawa, hanta da saifa su kama shi. A tsakani ne ake samun damar yawo a jini na tsawon lokaci. Amma fa sai in furotin bai lulluɓe shi ba, domin da zarar ya sa waccan riga, sojojin da ke gadi a hanta za su gane shi su haɗiye cikin mintuna. A nan ne batun nanojel ya haɗu da batun folimar amino asid. Idan da ita aka saƙa ragar, soson da ke ɗauke da maganin shi ne kuma rigar ɓuyansa.

Ana iya ƙulla ragar ta yadda ba za ta kwance ba sai ta isa inda ake so. Cikin ƙwayar halitta akwai wani sinadari, gulutatayon, wanda yawansa ya ninka na cikin jini sau ɗaruruwa. Idan aka ɗaure ragar da ƙullin da shi kaɗai ke tsinka shi, maganin zai zauna a rufe a jini, sai ya shiga ƙwayar sannan ya zube. Ƙullutun daji ya fi sauran nama ɗan tsami, shi ma ana amfani da wannan. Akwai masu gwada nanojel da ke sakin insulin idan sukari ya hau, ya rufe idan ya sauka. Kalmar kanta ta fara yaɗuwa ne a ƙarshen shekarun 1990 daga aikin Alexander Kabanov da Serguei Vinogradov a Jami'ar Nebraska, kodayake Kazunari Akiyoshi a Japan ya riga ya yi irin wannan ƙwallo daga wani sinadari mai kama da sitaci tun farkon shekarun, kuma an gwada nasa a jikin mutane wajen ɗaukar rigakafin daji.

Yanzu ga ɓangaren da tallace-tallace ba sa faɗa. Mafi yawan abin da ka karanta a sakin layi biyun nan a kwanon gwaji da jikin ɓeraye aka gan shi. A 2016 masana a Jami'ar Toronto ta Kanada suka tattara binciken shekara goma da aka yi a dabbobi, suka ga cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari kacal na ƙananan ƙwallayen da aka yi allurarsu ke isa ƙullutun daji. Sauran hanta da saifa da sauran gaɓoɓi suka kwashe. Magunguna biyu da aka ɗora wa buri, ɗaya maganin daji na paclitaxel da aka rataya a carbin gulutamik asid, ɗaya kuma mai lamba NK105 daga Japan, sun kai babban gwaji na mataki na uku a jikin majinyata amma ba su cimma abin da aka sa musu a gaba ba. Ko a robar fitsari an ga irin haka. Roba mai shafin azurfa ta yi kyau a ɗakin gwaji, amma a babban binciken da aka yi a asibitocin Birtaniya kan majinyata kimanin 7,000, wanda aka wallafa a 2012, ba ta rage ciwon mafitsara yadda za a ce ta fi ta gama-gari ba. Jikin mutum ya fi kwanon gwaji wayo. Shafin da ya yi kwana uku yana korar furotin, ba lallai ya yi wata uku a cikin fitsari yana gogayya da fata ba.

Abin da ya shafe ka a yau

Ka yi hattara da kalmar "nano" a jikin kwalba. Ba shaida ba ce ta inganci, girma kawai take nufi. Wasu za su tuna lokacin Ebola a 2014, da aka yi ta maganar wani ruwa mai suna Nano Silver a Nijeriya, daga baya hukumomin lafiya suka ce bai cika sharuɗɗan da za a ba majinyata ba. Duk wanda ya kawo maka man shafawa ko ruwan sha ya ce nanojel ne mai maganin daji ko suga, ka nemi lambar rajistar NAFDAC, ka duba a matsayin me aka yi masa rajistar, sannan ka kai wa likitanka ya gani kafin ka ajiye maganin asibiti.

Idan ka taɓa samun kumburin leɓe ko fuska, ko borin jini a duk jiki, ko sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan shan garin wanke hanji da ake bayarwa kafin a leƙa hanji da kyamara, ko bayan wata allura, ka riƙe sunan maganin ka faɗa wa duk likitan da zai duba ka. Mutumin da ya yi bore ga magunguna daban-daban da ba su da dangantaka da juna, wani lokaci PEG ɗin da ke cikinsu duka ne sanadi.

Wanda aka sa wa ƙarfe a jijiyar zuciya, ƙwayoyin nan biyu su ke riƙe da ƙwayoyin daskarar da jini har fatar jijiya ta tsiro ta rufe ƙarfen, yawanci wata 6 zuwa 12. Daina su da wuri na iya toshe ƙarfen farat ɗaya. Ko cire haƙori za a yi, likitan zuciya ne zai ce a tsaya ko kada a tsaya. Mai wankin ƙoda kuma, idan likita ya matsa a yi masa aikin haɗa jijiya a hannu a cire robar wuya, dalilin ke nan: jijiyarsa ba baƙuwa ba ce a wurin jininsa, robar kuwa baƙuwa ce, kuma hanya ce da ƙwayoyin cuta ke bi kai tsaye zuwa zuciya.

Ga masu jinyar mai robar fitsari, tambayar da ta fi kowace amfani ita ce wadda za ku riƙa yi wa likita ko nas a kai a kai: har yanzu yana bukatarta? Babu shafin da ya kai cire ta kariya. Idan dole ta zauna, ku tambayi irin wadda aka sa. Ta latas ta gama-gari ba a so ta wuce mako huɗu, wasu ma ƙasa da haka, ta silikon zalla ko mai shafin jel kan iya kai mako 12. Ku rubuta ranar da aka sa ta. Jaka ta kasance ƙasa da mara kullum, ba a kan gado ba, ba kuma a yashe a ƙasa ba. Kada a raba robar da jakar don a wanke ko don a je masallaci, domin duk buɗewa ƙofa ce. A wanke hannu da sabulu kafin a zubar da fitsari da bayan an zubar, a wanke wurin shigar robar da ruwa da sabulu sau ɗaya a rana, majinyaci ya sha ruwa sosai sai in likita ya taƙaita masa saboda zuciya ko ƙoda.

Fitsari ya yi duhu ko wari kaɗai ba dalili ba ne na zuwa kemis a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kamar yadda muka gani, kusan duk mai roba yana da su, maganin ba ya ratsa majinarsu, abin da zai yi kawai shi ne ya bar masu taurin kai su yawaita. Amma idan zazzaɓi ya zo, ko rawar ɗari, ko ciwon kwiɓi, ko dattijo ya fara ruɗewa yana sambatu, ko awa uku zuwa huɗu suka wuce ba fitsari a jaka ga mara ta kumbura, a tafi asibiti a lokacin, ko da dare ne, kuma a tafi da takardar da aka rubuta ranar sa robar.